Katin Mantle a kwalin takalmi: nawa zai yi?

Ɗan Gwanjo (Bronx):
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san harkar tsofaffin katunan 'yan wasan besbol. Ranar Asabar na tsallaka New Jersey, gidan wani tsoho da ya rasu, 'ya'yansa sun buɗe gida suna karyar da kayan ciki. Kun san sana'ata, duk abin da zai shiga kwantena ya tafi Yamai shi nake bi: keken ɗinki, tukwane, fanka, kekunan yara. Na sayi akwatin kayan aiki da kwalaye uku a dunƙule, dala 40. Da na zo gida na zazzage, sai ga kwalin takalmi maƙare da katuna, wasu a ɗaure da roba. Yarona ɗan shekara 13 ya ɗauki ɗaya ya ƙwalla ihu, wai Mickey Mantle ne na 1952, wai irinsa aka sayar dala miliyan 12.6. Ya nuna mini a waya, wallahi hoton ɗaya ne: saurayi da hula, ya saɓa sanda rawaya a kafaɗa, bayansa shuɗi, sunansa a cikin akwati an kewaye da taurari. A bayan katin an rubuta lamba 311. Tun shekaranjiya ban yi barcin kirki ba. Don Allah nawa zai yi?

Auta:
Kawu abin nema ya samu! Ni dai kada a manta da ni, mota ƙarama ma ta ishe ni.

Hajiya Mai Atamfa (Kwari):
Wa alaikumus salam. Alhaji, miliyan 12.6 na naira ko na sefa? Don na san dai ba dala ba.

Auta:
Dala Hajiya. In an lissafa a kan naira 1,500 dala ɗaya, ya kusa biliyan 19.

Hajiya Mai Atamfa (Kwari):
Innalillahi. A kan kwali? Kwalin da muke yagewa daga jikin turmi mu zubar?

Baban Ilham (Dallas):
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin komai: kada ka goge shi, kada ka kankare masa datti, kada a ɗora masa dutsen guga don ya miƙe, kuma robar da ke ɗaure da sauran kada a fizge ta. Na faɗi haka ne don na san halinmu, in abu ya yi mana kyau sai mu ce bari mu ƙara gyara shi. A wannan harka gyara shi ne ɓarna.

Labarin da yaronka ya nuna maka gaskiya ne. A nan garin da nake aka yi cinikin, kamfanin gwanjo na Heritage, watan Agusta 2022. Amma ba "katin Mantle na 1952" aka saya miliyan 12.6 ba. Wani kati ɗaya tak aka saya, wanda kamfanin tantancewa na SGC ya ba maki 9.5 cikin 10. Katunan Mantle na 1952 suna nan da dama, wanda aka tantance kawai sun haura dubu. Wanda ya sha wuya, mai karaya da kusurwa a daƙushe, yana yin dubunnan dala masu kauri, ban raina ba, amma tsakaninsa da wancan kamar tsakanin akuya da ingarman doki ne.

Ka samo rula ka auna mana tsawonsa da faɗinsa. Daga nan za mu san ko akwai maganar yi.

Ɗan Gwanjo (Bronx):
Ina wajen lodi a Newark, sai dare zan koma. Katin yana gida, na sa uwargida ta kulle shi a jakar fasfo. Ka ci gaba Malam, ina karantawa.

Hajiya Mai Atamfa (Kwari):
Baban Ilham ni fa har yanzu ban gane ba. Zinare na san dalilinsa, fili na san dalilinsa. Wannan me yake yi wa mutum? Shi Mantle ɗin annabi ne?

Baban Ilham (Dallas):
Hajiya ɗan wasa ne kawai. Ya buga wa New York Yankees daga 1951 zuwa 1968, ya ci kofin ƙasar sau bakwai da su, ya rasu 1995. Yaran Amurka da aka haifa bayan yaƙin duniya na biyu shi ne gwaninsu. Lokacin nan katin ba kayan ajiya ba ne, cikin fakitin cingam yake zuwa, fakiti senti 5. Yara su yi caca da shi, su jefa shi a bango, su maƙala shi a sifok ɗin keke don ya riƙa ƙara kamar babur. Yaro ya girma ya bar gida, uwa ta share ɗaki ta watsar da kwalin. Da waɗannan yaran suka zama attajirai masu furfura, sai suka dawo neman abin da iyayensu mata suka zubar. Mai nema da yawa, mai kyau kaɗan.

Shi wannan na 1952 kuma da ƙarin dalili. Kamfanin Topps ya buga kati 407 a shekarar, kashi-kashi. Kashin ƙarshe, daga lamba 311 zuwa 407, ya fito a makare, kakar wasa ta kusa ƙarewa, hankalin yara ya koma wani wasan. Kaya suka yi kwantai a sito shekara da shekaru. Sy Berger, mutumin da ya tsara katunan, shi da bakinsa ya ba da labari cewa wajen 1960 da suka rasa mai saye ko da araha, sai ya sa aka loda kwalayen a jirgin kwasar shara aka juye su a tekun Atlantika. Mantle shi ne lamba ta farko a wannan kashin, Jackie Robinson na biye da shi a 312.

Hajiya Mai Atamfa (Kwari):
To yanzu ka yi magana. Kwantai na sani. Akwai zanen da na yi shekara uku ina roƙo a ɗauka, ranar da kamfani ya daina buga shi sai ga mata suna nemansa da kuɗi ninki biyu. Amma ninki biyu fa, ba ninki dubu ba.

Ɗan Zango (Kumasi):
Hajiya ba ki ji komai ba. Akwai wanda ya fi wannan tsufa, na Honus Wagner. A kwalin sigari yake zuwa tsakanin 1909 da 1911, kamfanin American Tobacco. Ɗan mitsitsi ne, bai kai kwalin ashana biyu ba. Mutumin ya hana a ci gaba da buga hotonsa, wasu suka ce ba ya so yara su sayi taba saboda shi, wasu suka ce kuɗi ne ba a ba shi yadda yake so ba. Abin da ya rage a duniya bai wuce hamsin zuwa sittin ba. A 2021 an sayar da ɗaya miliyan 6.6, a 2022 wani ya tashi miliyan 7.25. Abin da ya fi ɗaure mini kai, a farkon 2022 an yi gwanjon rabin katin. Rabi fa, yagagge, ɗaya ɓarin babu wanda ya san inda yake. Dala 475,960.

Auta:
Kawu, in naka bai yi ba mu raba shi biyu mu gwada.

Baban Ilham (Dallas):
Ɗan Zango ya kawo misali mai kyau, amma ku lura da abin da yake nunawa. Wagner guda biyun da ya ambata, makinsu 3 da 2 ne kawai. A Wagner ƙarancin katin ne kuɗin, ko wane hali yake ciki. A 2010 wasu mata masu hidimar coci a Baltimore sun gāji ɗaya daga ɗan'uwan wata a cikinsu, an yanke masa gefe, ya karye, an shafe shi da wani abu mai ƙyalli, duk da haka ya haura dala dubu 200. A Mantle kuwa katin ba shi ne ya yi ƙaranci ba, lafiyarsa ce ta yi ƙaranci.

Masu tantancewa, PSA da SGC su ne manya a tsofaffin katuna, abu huɗu suke dubawa: kusurwoyi huɗun nan ko suna da tsini, gefe ko ya zaizaye, fuskar katin ko da karce ko karaya, sai kuma zaman hoton, ko yana tsakiya daidai ko ya karkata gefe ɗaya tun daga wajen yanka. Sai su ba shi maki, su rufe shi a gidan roba mai lamba. Duk hawa ɗaya a makin nan, in an je sama, kuɗin ba ƙaruwa yake ba, ninkawa yake. Mantle mai maki 9 na PSA an sayar miliyan 2.88 a 2018, a Janairu 2021 kuma mai maki 9 ya yi miliyan 5.2. Masu maki 10 na PSA guda uku ne kacal.

Wancan na miliyan 12.6 kuwa yaro bai taɓa wasa da shi ba. Cikin wani kwali ya fito da ya daɗe a ajiye a wani gida a Massachusetts, dillali Alan Rosen ya saye kwalin a 1986. A 1991 ya sayar wa Anthony Giordano, mai kamfanin kwasar shara a New Jersey, dala dubu 50. Mutumin ya riƙe shi shekara 31.

Ɗan Gwanjo (Bronx):
New Jersey ka ce Malam? To ai nawa ma daga can ya fito.

Baban Ilham (Dallas):
Alhaji mutum miliyan tara ne a New Jersey. Ka dai nemo rula.

Direban Tirela (Columbus):
Salamu alaikum. Na tsaya shan mai na ga magana ta yi nisa. Alhaji ni ne wanda maciji ya sara a gidan nan, bari in ba ka nawa. Lokacin korona kowa na zaune a gida, gwamnati ta raba kuɗi, farashin katuna ya haukace. Wani abokin aikina Bature kullum yana nuna mini a waya, wannan ya tashi, wancan ya ninka. A 2021 na sayi kwalaye shida a wajen wani mutum a kasuwar ƙarshen mako, katunan 1988 zuwa 1991, sababbi fil, wasu ko buɗe su ba a yi ba. Na ce shekara talatin, ai sun tsufa. Na kai wani shago, mai shagon ko murfin bai gama ɗagawa ba ya ce ba ya so, wai in ba yara. Ashe a waɗannan shekarun kamfanoni sun buga su kamar ganyen bishiya, kuma kowa ya riga ya waye yana ajiyewa a leda. Abin da kowa ya adana ba ya tsada. Har yau suna gareji, madam tana ɗora buhun shinkafa a kai.

Don haka abin da zan ce, kada ka duba abin da mutane suke sa wa kayansu a kasuwar intanet ta eBay. Kowa na iya rubuta dala dubu 50 a kan kati ya zauna. Ka shiga wajen da ke nuna waɗanda aka riga aka sayar, mai irin makin naka, a 'yan watannin nan. Wannan shi ne farashi.

Hajiya Mai Atamfa (Kwari):
Wato suna daban, sallamawa daban. Mu ma haka ne a Kwari. Ka tambayi kuɗin turmi a shago goma ka ji suna goma, amma kuɗin da aka ƙirga aka miƙa shi ne kasuwa.

Baban Ilham (Dallas):
Haka yake Hajiya. Ko ƙiyasin da manyan kamfanonin gwanjo suke bugawa kafin ciniki, kada a ɗauke shi kamar awon sikeli. Rabinsa lissafi ne daga cinikin baya, rabinsa talla ne. Wani lokaci su sa shi ƙasa don mutane su yi tururuwa su fara tayi, wani lokaci su ɗaga shi don jaridu su ɗauka. Na Mantle sun ce zai haura miliyan 10, ya haura. Amma ga na Babe Ruth, shahararren ɗan besbol na da, katin 1914, wanda jaridar Baltimore News ta buga yana ɗan shekara 19, guda goma kawai aka sani. A ƙarshen 2023 an yi ta hasashen zai wuce miliyan 10, har ana cewa zai kayar da Mantle. Ya tsaya a 7.2. Wannan katin dai aka sake fito da shi gwanjo a Oktoba 2025, ya tashi miliyan 4 da 'yan kai. Wanda ya saya ya yi asarar sama da miliyan 3 cikin ƙasa da shekara biyu, kuma katin ko ƙwarzane bai yi ba. A irin wannan matakin masu iya saye ba su da yawa. In biyu suka nace a dare ɗaya, farashi ya tashi sama. In ɗaya bai zo ba, shi ke nan.

Sannan adadin da kuke gani a labarai har da la'adar kamfani a ciki. Na Mantle an buga guduma a miliyan 10.5, mai saye ya ɗora kashi 20 cikin ɗari, shi ne ya ba da 12.6. Mai kaya kuma gwamnatin Amurka na jiransa, harajin ribar kayan tarihi yana kaiwa kashi 28.

Ɗan Zango (Kumasi):
To ni a nan ban yarda da kai duka ba Baban Ilham. Ka ɗauko wanda ya faɗi ka bar waɗanda suka tashi. Dubu 50 ta zama miliyan goma da wani abu a shekara 31. Wane fili ne a Kumasi ko Kano ya ninka sau 200 a dala? Shi Wagner ɗin ma, mutumin da ya fara jera katunan nan a kundi, Jefferson Burdick, dala 50 ya sa masa.

Baban Ilham (Dallas):
Ban musa ba. Amma wanda ya fitar da dala dubu 50 a kan kwali a 1991 ba irinmu ba ne, kuma ya sayi mafi kyau a duniya yana sane. Dubban mutane sun zuba kuɗi a shekarar nan a kan katunan da Direba ya ɗora wa shinkafa. Su ba a hira da su.

Direban Tirela (Columbus):
Ga ni ai, a yi hira da ni.

Akwai kuma wani abu da ya faru nan jiharmu ta Ohio, garin Defiance, a 2012. Wasu dangi suna share saman rufin gidan kakansu suka tarar da kati wajen 700 na 1910, waɗanda ake bayarwa da alewa, tsaf kamar yau aka buga. Su sun samu, an ƙiyasta kusan miliyan 3. Amma ka tuna da wanda yake riƙe da irin katin tun da, yana taƙama nasa ne mafi kyau a duniya. Dare ɗaya aka wayi gari akwai gomomi da suka fi nasa.

Malam Na Zaure:
Assalamu alaikum. Na bi maganar tun daga sama. Gwanjo a kansa, wato a fito da kaya kowa ya taya wanda ya fi ya ɗauka, malamai sun halatta shi. Abin da aka hana shi ne najashi: mutum ya taya ba don yana son saye ba, sai don ya ruɗi wani ya ƙara. Hadisin hanin yana cikin Bukhari da Muslim. Ina tambaya, su waɗannan da suke tayi ta intanet, ba ka ganin kowa, ta yaya za ka san wanda yake ƙara maka kuɗi mutum ne mai so, ba yaron dillali ba?

Baban Ilham (Dallas):
Allah gafarta Malam, ka taɓo inda yake ciwo. An yi wannan, har kotu. Bill Mastro shi ne babban mai gwanjon kayan wasanni a Amurka a zamaninsa. A 2013 ya amsa laifi a kotun tarayya a Chicago cewa kamfaninsa yana sa tayin ƙarya don ɗaga farashi, a 2015 aka yanke masa wata 20.

Kuma a shari'ar nan ya amsa wani abu da aka daɗe ana raɗe-raɗinsa. Wagner mafi shahara a duniya, wanda Wayne Gretzky ɗan wasan ƙanƙara da abokinsa Bruce McNall suka saya dala 451,000 a gwanjon kamfanin Sotheby's a 1991, shi ne kati na farko da PSA ta taɓa tantancewa, ta ba shi maki 8. Mastro ya ce shi ya datse gefunansa da abin yankan takarda tun a shekarun 1980 don su yi tsini. A ƙa'ida katin da aka datse ba a ba shi maki ko ɗaya. Wannan kati ya bi hannu da hannu, dala 640,500 a 1996, miliyan 1.265 a 2000, miliyan 2.8 a 2007, ya tsaya a hannun Ken Kendrick mai ƙungiyar Arizona Diamondbacks. Har yau yana cikin gidan robarsa da lamba 8 a goshi.

Malam Na Zaure:
Subhanallah. Ga najashi ga algus a kaya ɗaya. To Alhaji in Allah ya sa naka na gaske ne, ka faɗi aibinsa da bakinka kafin a tambaye ka. Batun zakka kuma, tunda ka sayi kwalayen da niyyar kasuwanci, kayan ciniki ne. A mazhabarmu ta Malikiyya akwai bambanci tsakanin mai jujjuya kaya kullum da mai ajiyewa yana jiran kasuwa, wanda shi sai ya sayar yake fitarwa. In lokacin ya zo ka kira ni mu zauna a kai. Abin da ban natsu da shi ba shi ne sayen fakiti a rufe da tsada don fatan a dace da wani kati a ciki. Wannan ya yi kama da sayen kifi a ruwa.

Direban Tirela (Columbus):
Malam da ka faɗa mini wannan a 2021.

Malam Na Zaure:
Ba ka tambaya ba, ɗana.

Ɗan Gwanjo (Bronx):
Jama'a na dawo. Na kasa haƙuri, na biya gida na ɗauki kwalin na kai wani shagon katuna kafin su rufe. Mutumin ya ɗauki Mantle ɗin, ko daƙiƙa biyar bai yi ba ya ajiye. Ya ɗan tona sauran da yatsa, ya daɗe a kan wani ƙulli, sai ya ce zai ba ni dala 60 duka kwalin. Na ce albarka. Ina fita ya ce 100. Wannan ba cuta yake shirya mini ba? In ba komai a ciki me ya sa ya ƙara?

Hajiya Mai Atamfa (Kwari):
Ka yi daidai da ka fito. Ɗan kasuwa ba ya bin ka bakin ƙofa a kan banza. Akwai abin da ya gani.

Baban Ilham (Dallas):
Hajiya ta yi gaskiya, amma ina jin ba Mantle ya gani ba. Alhaji, rula.

Ɗan Gwanjo (Bronx):
Na ɗauko ta yaron ta makaranta. Faɗi santimita 6.4, tsawo 8.9.

Baban Ilham (Dallas):
To Alhaji sai haƙuri. Na 1952 na asali ya fi haka girma, faɗi 6.7, tsawo 9.5. Girman da ka auna sai 1957 Topps ta fara yin sa. Duba fuskar katin, akwai wani tambari mai ruwan zinare? Kuma yana sheƙi? Ka juya baya ka karanta ƙananan rubutun can ƙasa.

Ɗan Gwanjo (Bronx):
Akwai tambarin zinare a kusurwa. Ni na ɗauka shi ne ma ya sa yake da tsada. Yaron ya karanta ƙasan, wai 1996.

Baban Ilham (Dallas):
Shi ne. Bayan rasuwar Mantle, Topps ta sake buga tsofaffin katunansa a 1996 don tunawa da shi. Ba jabu ba ne, kamfanin ne ya yi, amma an buga da yawa. Kuɗinsa bai wuce na abincin rana ba. Ka gode Allah ma ba irin wanda 'yan damfara suke jiƙawa a ruwan shayi su goga kusurwarsa a siminti ba ne, ka saya da tsada. Irin waɗannan sai an sa madubin ƙara girma an duba ɗigon tawada.

Auta:
Ta leƙo ta koma. Kawu na yafe motar.

Ɗan Gwanjo (Bronx):
Alhamdu lillahi ala kulli halin. Uwargida tana ta dariya, ta ce in fitar mata da shi daga jakar fasfo. Yaron ne abin tausayi, ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Ni kuwa wallahi har na fara lissafin gidan sama a Yamai.

Hajiya Mai Atamfa (Kwari):
Allah ya kawo rabo ta wata hanyar Alhaji. Amma ka koma kan ƙullin da mutumin ya daɗe yana dubawa. Ni can hankalina yake.

Ɗan Gwanjo (Bronx):
Ga shi a hannuna. Waɗannan sun fi sauran tsawo, kuma a kwance hoton yake. Kowane ɗan wasa an sa shi cikin akwatin talabijin irin na da, mai jikin katako. Ba sa sheƙi, bayansu ya yi ruwan ƙasa, suna warin tsohon littafi. Robar ta narke ta manne a na sama da na ƙasa. Na ƙirga 43.

Baban Ilham (Dallas):
Yawwa. Waɗannan na kamfanin Bowman ne na 1955, shekararsu ta ƙarshe kafin Topps ta saye su. Kati 320 ne a jerin, har da alƙalan wasa. Su ne mai shagon ya gani. Yawancinsu 'yan daloli ne kowanne, kuma wannan gefen mai launin katako saurin zaizayewa gare shi, da wuya a sami mai maki sosai. Amma akwai manya a ciki. Ka bar na sama da na ƙasa yadda suke, ka yanke robar da almakashi ta gefe, ka shimfiɗa tawul mai tsabta, ka riƙa kama su ta gefe. Nemo waɗannan lambobin a baya: 202 Mantle, 184 Willie Mays, 179 Hank Aaron, 242 Ernie Banks.

Direban Tirela (Columbus):
Kuma kada ka yi saurin aika duka wajen tantancewa. Kowane kati kuɗi ake biya, ga jira. Katin dala biyar ka kashe masa fiye da kuɗinsa a gidan roba, ka ga an yi ba a yi ba.

Ɗan Gwanjo (Bronx):
Na fito da yaron ya taya ni. Babu 202, babu 184, babu 242. Akwai 179. Baƙar fata ne, saurayi, rigarsa an rubuta Braves. Kusurwa ɗaya ta lanƙwashe, akwai layin karaya siriri daga sama zuwa kafaɗarsa, kuma a baya wani yaro ya rubuta harafi biyu da biro.

Baban Ilham (Dallas):
Hank Aaron ke nan yana ɗan shekara 21, shekararsa ta biyu a babban rukuni. Shi ne ya zo ya karya tarihin Babe Ruth na yawan "home run", wato buga ƙwallo ta tsallake shingen fili, a 1974. Da karayar da rubutun biron makinsa zai sauka ƙasa sosai, kada ka sa rai da dubbai. Amma in na gaske ne, kuma bayaninka ya yi kama da haka, shi kaɗai zai iya mayar maka da dala 40 ɗinka har da ƙari mai kyau. Ka sa yaron ya duba waɗanda aka sayar masu maki 1 da 2 a watannin nan, ku ɗauki na tsakiya, kada ku ɗauki mafi tsada. Ka ɗauko hoton gaba da baya a hasken taga, ban da filashi, ka turo mini.

Ɗan Zango (Kumasi):
Ka ga mai shago ya so ya ɗauki Aaron da sauran 42 a dala 60, ya bar ka da labarin Mantle.

Hajiya Mai Atamfa (Kwari):
Ba cuta ba ce, ciniki ne. Ni ma da haka zan taya.

Ɗan Gwanjo (Bronx):
Hoto sai da safe Malam, yanzu duhu ya yi. Yaron ya ce kada a sayar da Aaron ɗin, wai shi zai ajiye, ya riga ya zare katin bas ɗinsa daga leda ya saka shi a ciki. Na ce mu ji kuɗin tukuna. Sauran kwalaye biyun ma ban gama zazzage su ba, ɗaya duk wayoyin lantarki ne da tsofaffin makullai.

Auta:
Kawu a duba makullan da kyau.